Zuwa ga Tabarau, Kafin Malam Ya Raba Kujeru

Ya sanyin inuwar bayan ajinmu, ya ruwan farko mai sauka kan kwano, ya hasken da ke dawowa bayan an ɗauke wuta, ya abokin kujerata a kwamfutar kusa da taga, ina gaishe ka da gaisuwar da bakina ya kasa ƙarasawa tun ranar da aka haɗa mu. Ka yi haƙuri da na kira ka Tabarau kamar sauran 'yan aji. Sunanka na gaskiya nauyi yake yi mini, ko a takarda.

Ka dai ji abin da Malam ya ce: ranar Litinin zai sake raba kujeru, kowa ya faɗi wanda zai zauna da shi. Wadda muke kira Mai Surutu kuma tana ta shela wai kai za ta ɗauka, don hannunka yana da sauri. Sauri! Ita abin da ta gani ke nan. Ta taɓa lura da zaren da ka ɗaure ƙafar tabarau ɗinka da shi? Ta san sai ka hura wa linzamin kwamfuta iska kafin ka taɓa shi?

Malam ya ce fankishin, wato ɗan guntun umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, kamar injin niƙa ne, a zuba abu ta sama, wani abu ya fito ta ƙasa. Na kirki kuma shi ne wanda in an zuba masa abu ɗaya, kullum amsa ɗaya zai bayar, kuma ba ya taɓa komai a gefe. Ina jin haka na san kai ake nufi. Kullum in ce "sannu", ka ce "yauwa". Ana ruwa yauwa, ana rana yauwa, ranar da ka zo da mura ma yauwa, sai dai ta hanci ta fito. Ni kuwa lalataccen fankishin ce. Ka zuba mini yauwa ɗaya, sai in je gida in kifar da bokiti, in sa wa Baba gishiri a shayi, in gaida akuyar maƙwabta har da durƙusawa.

Ka tuna ranar da aka koya mana fankishin mai kiran kansa? Malam ya ja kunnenmu, ya ce kowa ya rubuta masa inda zai tsaya. Kafaɗarka tana kusa da tawa, na manta. Abin ya kira kansa, ya sake kiran kansa, kamar kwaɗi bayan ruwa, har kwamfutar ta kama huci tana zafi. Malam ya ce, "Ke, ƙona mini shago kika zo yi?" Aji ya kwashe da dariya. Kai ba ka yi ba. Ka cire murfin littafinka ka shiga yi wa kwamfutar fifita kamar marar lafiya, iskar tana ɗan taɓa kumatuna. Ya tauraron da ba ya ƙiftawa, tun ranar haka zuciyata take. Tunaninka ya kira tunaninka, shi ma ya kira wani, ba wanda ya rubuta masa wurin tsayawa. Wa zai yi mini fifita?

Akwai kuma dokar da na fi so: a yaren kwamfutar da muke koya, in ka ba abu suna, ya zauna ke nan, ba a canza shi, sai dai a yi sabo. Na riƙe ta sosai. Shekaranjiya Mama ta ce in canza wa autanmu wando, na ce mata ba a canzawa, sai dai a yi sabon jariri mai busasshen wando. Ta daɗe tana kallona, sannan ta taɓa goshina ta ce wa Yaya ta ɗauko maganin zazzaɓi.

Amma na gwada da kaina. Da ka fita shan ruwa, na rubuta "abokin kujera" na ba shi sunanka. Sai na daure na sake rubuta shi a ƙasa da sunan wani. Kwamfutar ta ƙi. Ta watso mini jan rubutu, ta ce an riga an bayar. Ban taɓa son jan rubutu ba sai ranar. To in na'urar da ba ta da uwa ba ta da uba ta gane wannan, me ya sa Malam da ya koya mana zai karya dokarsa da bakinsa?

Ga roƙona, ya tsuntsun da ke sauka a tagarmu. Ba zan iya ɗaga hannu a aji ba, ka sani, muryata ko kujerar gaba ba ta kaiwa. Ranar Litinin zan zo da wuri in ce "sannu" kamar kullum. Don Allah sau ɗaya tak ka zama lalataccen fankishin irina. Ka ce "yauwa", sannan ka ƙara wani abu a kai, ko da tari ne. In na ji tarin, na san kujerar tamu ce.

In kuma ba ka yi ba, zan koma kujerar baya kusa da kwandon shara. Sunan dai an riga an bayar.

Taka wadda ba a canzawa,
Mai zama a hagunka