’Ya’yan Ar’ar a Farfesun Malam

Assalamu alaikum, Baban Hadiza.

Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Muna nan unguwarmu ta Al Qusais, a ƙasar Larabawa, lafiya. ’Yarka Hadiza na da ciki wata biyar, kuma ba abin da ke zama a cikinta. Ta rame har likita ya yi faɗa. Abu ɗaya take kwaɗayi, farfesun da kake mana ran Juma’a. Sau huɗu ina dafawa, ta ɗanɗana ta ture.

Bari in faɗa maka laifina. Kwalbar nan taka mai baƙaƙen ’ya’ya, bayan rasuwarka na zubar da ita, na ɗauka masoro ne ya tsufa. Shekara nawa baƙi suna yaba farfesun ina amsa godiya, kai kana gefe kana murmushi? Kai ma dai, Malam, ka iya ɓoye abu!

Jiya na je kasuwar kayan ƙamshi ta Deira, wurin tsohon nan ɗan Yaman da kake saye a hannunsa. Da ya ji ka rasu, sai da ya share hawaye. Shi ya ce min sunan baƙaƙen ’ya’yan nan ar’ar, uku kake dakawa ka zuba in nama ya kusa nuna. Ashe ganyen bishiyar ne kake mana sirace da shi in sanyin na’ura ya sa mu mura. Har ya ƙulla min, sai na ambaci cikin Hadiza. Nan take ya janye ƙullin, ya ce mai ciki ba ta cin ar’ar, yana iya taɓa cikin. Sai da na rantse masa ba zan ba ta ba sannan ya ba ni.

Ka ga halin da ka bar ni? Abin da take kuka a kansa yana cikin jakata, ni kuma na ce mata ban gano ba. Wallahi ya yi min ciwo. Na dama mata kunun gyaɗa, na zauna a kanta har ta shanye.

Ranar suna zan dafa farfesun, da ’ya’ya uku cif. Namiji ne, in ji likita, kuma mijinta ya ce sunanka za a sa.

Allah ya kai haske kabarinka. Ina kewarka ƙwarai.

Taka har kullum,
Maman Hadiza