Murhun Gidan Sallau

Dumega, 4 ga Afrilu, 1953

Zuwa ga ɗana Issa, a Birnin Kabi.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da Zalihatu da yara. Ni dai da sauƙi, sai gwiwa da rawar hannu, wadda za ka gani a rubutun nan.

Bayan haka, wani abu ya faru da na kasa ganewa. Malamin ƙidaya na kumandan, Baturen mulkinmu, ya zo daga Dogon Dutsi. Ya shiga gidanmu, ya duba murhu, bai ga toka ba. Na gaya masa gaskiya: tun rasuwar mahaifiyarka a wajen maƙwabcinmu Gado nake cin abinci, matarsa Kaltume ke zuba mini. Sai ya ja layi a kan sunana, ya rubuta ni ƙarƙashin Gado. Wai a aikinsu, masu ci daga tukunya ɗaya su ne gida ɗaya.

Na yi masa bayani da Faransancin da na koya a lakwal, makarantar boko, tun ba a haife shi ba. Na nuna masa ɗakunan da na gina, da gindin kurnar da aka binne cibiyarka. Bai musa ba, bai kuma gyara ba. Mai gari ya ce gona ta mai gida ce. In babu gidana a littafi, za a ba wani gonarmu ta fadama kafin shuka.

Ka taɓa gaya mini Turawan wajenku da kalmarsu ɗaya ta gida suke kiran gini, da zuriyar sarki, har da majalisar Kaduna. Na yi dariya a lokacin. Yau ga ni zaune cikin gidana ana ce mini babu shi.

Ka gaida mutanen gidanka.

Mahaifinka,
Sallau

Dumega, 19 ga Mayu, 1953

Ɗana Issa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardarka ta iso. Na gane ba a ba ka izinin zuwa ba, ban yi fushi ba.

Na hura wuta da kaina. Da furfurata na fara koyon tuƙa tuwo, kwana goma ina haɗiyar gudaji. Malamin ya dawo, ya ga toka, ya mayar da sunana. Gona ta tsira.

Sai dai Kaltume ta ɗauka abincinta na raina. Na je in yi mata bayani, ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙo, ta shige ɗaki. Gado ya bar kirana bayan magariba. In na koma cin nasu, za a sake share ni.

Jiya na dafa, na zuba a akushi, sai na jiyo su ta bayan danga suna ci suna hira. Na kasa kai loma baki. Littafin kumandan ya ce ina da gida. Kai da ka fi ni karatu, ka rubuto mini a wane ɓangaren dangar yake.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka,
Sallau