Akwatin Mode

Litinin, 18 ga Yuli, 1983
Mode mai kaset ya jingina sabon akwatin lasifika da bangon ɗakina. Jam'iyya ta ba shi aikin kiɗan taro a Shagari, yana gwaji. Waƙar ba na jinta, kunnuwan sun tafi tun kafin matata Atika ta rasu. Dukan nake ji, a haƙarƙari. Ƙasa na zubo mini cikin fura.

Alhamis, 21 ga Yuli
Na fita da sanda. Ya durƙusa yana ihu a kunnena, wai bes sunan dukan da nake ji, sai an toshe akwatin da auduga, an liƙe kowace kafa da kakin zuma, an rage siririyar murya. Wai a kusurwa yake kumbura. "Baba, bangonka shi ka ba shi ƙarhi!" Yana dariya. Na so in fasa masa baki.

Lahadi, 24 ga Yuli
Ruwa. Tsaga ta sauko daga azara har ƙasa. In bangon nan ya faɗi, a kaina ne, kuma sai wari ya sanar da maƙwabta.

Laraba, 27 ga Yuli
Ya tafi azahar. Na zura basilla ta ragar akwatin, na yage takardar lasifikar, ƙasa da sama. Na sake.

Alhamis, 28 ga Yuli
Bai gwada ba ya ɗora a mota. Lawali direba ya ce da aka kunna sai akwatin ya yi ta tusa gaban manya, jama'a na dariya. 'Yan banga suka ce abokan hamayya sun sayi Mode. Suka hau shi da gora da sarƙar keke, suka farfasa akwatin. Sun taka hannunsa na dama a kan amfilifaya, injin ƙara sauti, har ƙashi ya fito.
Ban ci tuwo ba. Ciwon ciki ne.

Talata, 2 ga Agusta
Shiru. Bango ya daina zuba.

Juma'a, 5 ga Agusta
Shiru ƙwarai. Na ɗora tafi a bango, ban san dalili ba.

Litinin, 8 ga Agusta
Ya dawo daga wurin maɗori, hannu a ɗaure da karare. Ya gaishe ni, ya ajiye basillata a bakin tabarma. A cikin akwatin ya same ta.

Juma'a, 12 ga Agusta
Na kwashe zannuwan Atika daga akwatinta. Katakon maɗaci ne, mai kauri, ya fi wanda suka farfasa. Wurin yake cinye mini kawai, shi ya sa na ba Mode. Ya samo tsohuwar lasifika, ni na tura auduga tun da shi hannu ɗaya ne. Ya ce zai kai shi can bakin hanya, nesa da ni. Na ce kada ya yi wauta, a fili ba ya kumbura.
Lawali ya tokare bangon da gungumen giginya. Da la'asar na kwanta ta wannan gefen.