Maganin ɗiga wa hanci ya kama jikata kamar yadda ya kama ni

Assalamu alaikum jama'ar wanga gurup. Admin, ga saƙon murya nan, ka rubuta shi yadda na faɗa amma ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake da ɗan cikina, kuma ban son in yi mishi baki.

Ni tsohuwa ce, a Dogon Dutsi nike zaune wajen ɗana na ƙarshe, mai sayar da wake. An kai ni ɗaki a wani ƙauye kusa da Tibiri, ba a daɗe da saukar da tutar Faransa ba. Tun kakar farko, da anka fara sussukar gero ƙaiƙayi ya tashi, sai atishawa kamar raina zai fita, ido ya yi ja, hanci ya toshe ruf, da baki nike numfashi. Uwar mijina ta ce lalaci ne, ina gudun turmi. Da abin ya ƙi ƙarewa sai ta koma cewa aljana doguwa ce ta bi ni daga gidanmu, anka yi ta turara mini saiwoyi, hayaƙin ma ya ƙara rufe ni.

Ana haka wani anfirme, wato malamin asibiti, mai zagayen ƙauyuka da keke ya zo ranar kasuwa. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce na ƙaiƙayi ne. Gaskiya sun tsayar da atishawa da yoyon hanci, amma toshewar tana nan daram, ga barci kamar an buge ni, har anka tarar da ni ina gyangyaɗi riƙe da taɓarya, na sha gori sai ka ce ba ɗiyar mutane ba. Da ya dawo na yi mishi kuka, sai ya ciro ƴar kwalba ya ɗiga mini a hanci. Wallahi kafin in gyara kallabi hanci ya buɗe tas! Ya bar mini kwalbar, na yi ta sa mishi albarka. Bawan Allahn nan bai ce mini kada in wuce kwana uku ba, ko kalma ɗaya, ya hau kekensa ya tafi abinsa. Har yau in na tuna shi sai zuciyata ta tafasa.

Kaka ta wuce, ƙaiƙayi ya kwanta, hancina bai koma daidai ba. In na ɗiga ya buɗe, in ya sake ni ya rufe fiye da da. Duk mai zuwa Dutsi sai na roƙe shi ya nemo mini. Sannu a hankali jin ƙamshi ya tafi. Ban san ƙamshin kan ƴaƴana suna jarirai ba, daddawa sai dai in auna da ido, tuwo ya sha ƙonewa ina zaune gaban murhu sai maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta faɗa mini. Kuma har gobe kwalbar tana ɗaure a bakin zanena, ban iya barinta ba.

To ga abin da ya kawo ni. Jikata, ɗiyar ɗan nan nawa, budurwa ce tana lakol, wato makarantar boko, bana za ta yi jarrabawa. Ta gado hancina. Da hutu ta je ƙauye lokacin shiƙa, ta dawo a toshe, ubanta ya sayo mata na fesawa wajen masu shimfiɗa magani a bakin kasuwa. Watanni ke nan, abin yana cikin jakar lakol ɗinta, kafin azahar ta fesa ya fi a ƙirga. Na sa uwarta ta raka mu asibiti. Likita ya ce maganin nan na ƴan kwanaki ne, shi ke ƙara kumbura cikin hancin yanzu. Ya rubuta wani na fesawa na ƙaiƙayin kansa, da wanke hanci da ruwan gishiri, ya ce ba ya buɗewa nan take, sai ta daure wasu kwanaki a toshe kafin ta ji daɗi.

Da munka dawo na karɓe na kasuwar na jefa a masai. Ubanta ya shigo ya tada gidan. Wai mun kai mishi ɗiya asibiti ba da saninsa ba, wai magani ne wanda ba ya aiki sai an jira, yarinya ga jarrabawa a gaba za a hana ta barci. Na ce mishi ni na san ƙarshen hanyar nan. Ya dube ni, ni da na haife shi, ya ce ai Inna ke ma da shi kika tsufa kuma ba ki mutu ba. Ban mutu ba! Wannan shi ne abin da ya gani. Uwarta kuwa tsoronsa take ji. Ya rantse ranar kasuwa zai sayo wani, kuma in na sake taɓawa zai mai da yarinyar wajen yayarsa a Matankari, inda ba mai sa mata ido.

Yau da safe tana shirin lakol ta shigo ɗakina, ido ya kumbura, baki a buɗe, ta durƙusa ta ce, "Kaka, don Allah ɗiga mini naki sau ɗaya, ba zan faɗa wa kowa ba." Na hana ta. Ta tsaya tana kallon bakin zanena, ta ce to ke mi ya sa kike yi? Ta fita tana kuka, ni ma na yi nawa.

Jama'a, kasuwa jibi ce. In kai ƙarar ɗana wajen kawunsa ya tsawata mishi, ko hakan zai sa ya ɗauke ta da gaske? Ko in jefar da tawa kwalbar a gabanta mu toshe tare, alhali ban san ko tsohon ƙirjina zai ɗauka ba? Wanda ya taɓa rabuwa da maganin nan ya faɗa mini gaskiya, kwana nawa mutum ke yi kafin ya shaƙi iska da hancinsa?