Lambar Yabo a Bakin Taga

Gwaggo Odessa,

Gaisuwa mai yawa daga Detroit. Ya ƙafar taki? Ya Baba Lucius da mutanen coci? Ina kewar Mississippi da soyayyiyar tarwaɗarki.

Ni lafiya lau, sai ɗan tari. Kada ki faɗa wa Mama.

Wata shida ke nan ina rubutu kan hayaƙin masana'antar unguwarmu. Maƙwabciyata, tsohuwa Vernell, takan shanya farin zanin gado da safe, ta kwashe shi baƙi ƙirin da yamma. Na kai wa editan jaridarmu zanin, ya ce, "Latrice, zanin gado ba hujja ba ne." Da na faɗa wa Vernell, ta ce, "To, ya zo ya kwanta a kai mana!"

Na roƙi ƙungiyar tallafa wa baƙaƙen 'yan jarida na'urar auna iska. Sai suka shirya liyafa, suka yi ta ɗaukar hotona, suka miƙo mini lambar yabo ta gilashi. Haba! In shaƙa?

Aiko mini da zumar nan taki ta tari. Allah ya ƙara miki lafiya.

Lambar kuwa na ajiye a bakin taga, kwana uku ta yi baƙi. Gobe zan mayar musu ban goge ba. Su auna.

'Yarki,
Latrice