Ɗan Farina Yana Son In Kira Sunansa

Anti Salima,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Ba ni da wanda zan zazzage wa cikina a garin nan ba tare da gobe na tsinci maganar a bakin matan masallaci ba. Na sauya sunayen mutanen gidana. Abin da ke damuna yana da wa'adi, kafin Kirsimetin bana dole in san inda na dosa, ga shi har Nuwamba ta raba.

Ni mutuniyar Malumfashi ce. Mun zo Greensboro ta Amurka a 1975, lokacin da Malam, wato maigidana, ya samo gurbin karatun aikin gona. Da niyyar shekara huɗu muka zo, ga mu har yau, shekara ashirin da biyu ke nan, a wani ɗan gida a unguwar Glenwood, ɗalibai suna ta zuwa suna tafiya a maƙwabta, mu muna nan. 'Ya'yanmu biyu ne, ɗan farina namiji, sai ƙanwarsa Jidda da aka haifa a nan. A kan namijin nake rubuto miki.

Sana'arsa ƙwallon Amurka, wannan da ake sa hular kwano ana karo kamar raguna. Aikinsa a ciki shi ne ya zura da gudu, a wurgo masa ƙwallo daga nesa ya cafe, risiba suke ce wa mai yin haka. Tun a sakandare wani koci ya ga gudunsa ya maƙale masa. Da ƙwallon ya yi jami'a kyauta a nan East Greensboro. Ranar da manyan kulob ke zaɓen sababbin 'yan wasa ya wuni a gindin tarho, ba wanda ya kira. Daga baya wasu suka gayyace shi gwaji, suka sallame shi kafin a fara kakar wasa. Ya dawo yana dakon kujeru a wani sito, da asuba ya fita gudu shi kaɗai. Ya je Kanada ya sha sanyi, ya je Turai, sannan Allah ya sa wani kulob a arewacin ƙasar nan ya riƙe shi, yanzu kakarsa ta shida ke nan a can. Ba ya cikin waɗanda ake buga hotonsu a kwalin abinci. Shi ne wanda ake turawa tsakiyar fili, inda ƙarti ke jira, domin an ce abin da ya taɓa hannunsa ba ya faɗuwa. Yatsunsa biyu na dama sun karkace, in ya zo gida ina ganin yadda yake fama da curin tuwo.

Duk wannan da na lissafa miki, Anti, ban taɓa tambayarsa ko ɗaya ba. A bakin Jidda nake tsinta, ko in kasa kunne in suna hira da Malam.

Ke kin san kunyar ɗan fari, ba sai na yi miki bayani ba. Tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa ba. Haka uwata ta yi wa yayana, haka aka yi mata tarbiyya ita ma. Da aka yaye shi Goggo, yayar Malam, ta ɗauke shi, ita ce mai goya shi, mai yi masa kirari, mai shigar masa faɗa. Yana shekara bakwai muka karɓo shi muka hau jirgi. Goggo ta rasu bayan 'yan shekaru, Allah ya jiƙanta. A gida “yaron nan” nake cewa, ko “kai”. Mutane ma Maman Jidda suke kirana, alhali shi ne babba.

To a nan ƙasar kin ga yadda abin yake. Uwa ta sa rigar ɗanta mai lamba ta zauna a gaba tana ihu, ɗa ya kai ƙwallo gida ya juyo ya gaida uwarsa a talabijin. Ranar da aka ce kowane ɗan wasa ya fito fili da mahaifiyarsa a shekararsa ta ƙarshe a sakandare, maƙwabciyata Roseline na roƙa ta je, wata nas ce 'yar Pankshin da muka zama kamar 'yan'uwa. Bai ce mini komai ba, ni kuma na ɗauka ya gane.

Kowace Lahadi haka muke yi. Roseline ta taso daga coci ta zarce gidanmu, su zauna gaban talabijin ita da Malam da Jidda. Malam dai tuni Amurka ta wanke masa kunyar, da ƙarfi yake kiran sunan. Ni kuwa sai in shige kicin in tara tukwanen da na riga na wanke in sake wanke su. Ruwa na zuba, amma kunnena na falo, ina jiran mai sharhi ya kwaɓa sunan yadda suka saba kwaɓa shi. In na ji sun yi sowa in yi hamdala a raina. In na ji shiru sai in rufe famfo in ƙara kasa kunne.

Watan jiya ban san abin da ya ja ni ba, na fito da soso a hannu na tsaya a bakin ƙofa. Shi ne karo na farko da na kalle shi yana wasa. An wurgo ƙwallo sama, ya yi tsalle, idonsa na kan ƙwallon, ni kuwa ina ganin wanda ya taho masa ta gefe. Ya cafe, aka buge shi, ya faɗi bai motsa ba. Aka ɗaure shi a kan wani allo aka fita da shi. Jidda tana kuka, Roseline tana addu'a da ƙarfi, ni kuma na ce Allah ya kyauta na koma kicin. Abin da suka gani ke nan. Ba su ga yadda na zauna a ƙasa na jingina da firiji ina karanto duk abin da ya zo bakina ba.

Allah ya taƙaita, kai ne ya bugu, wuya bai taɓu ba. Washegari ya bugo daga asibiti aka miƙo mini tarho. Na yi masa sannu, na tambaye shi ko ana ba shi abinci. Sai cikin Hausarsa mai gargada ya ce, “Mama, da wa kike magana?” Da farko na tsorata, na ɗauka bugun ne ya rikita shi. Sai da na ajiye kan tarhon na gane sarai ya san abin da ya faɗa, sunansa yake jira in kira. Jidda ta ce da ya farfaɗo ya tambaye ta ko na gani, kuma me na ce. Ita kuwa yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba.

Ya warke ya koma wasa, amma ya ce wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Ya kusa talatin, gwiwoyi sun gaji, kulob ɗin ya ɗauko wani yaro da ya fi shi gudu. Wasansu na ƙarshe a Charlotte za a yi, Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti, ga shi nan kusa da mu. Ya aiko mini da tikiti da riga mai lambarsa, sunanmu a bayanta. Ya gaya wa Jidda ba zai sake roƙona ba. Matarsa Ba'amurkiya ce mai kirki, tana da ciki. Da bazara sun duba wani gida a Summerfield don in ya daina wasa su zauna kusa da mu. Yanzu ya bar zancen Summerfield, sai zancen California nake ji, inda iyayenta suke.

Malam ya taɓa yi masa bayanin al'adar, ya ce ya ji, ya kuma gode. Ni dai ban ga alamar bayanin ya shiga ba.

Anti, tsoro nake ji, kuma ba ɗaya ba ne. Sau ɗaya tak na ɗora ido a kansa a fili, kin ji abin da ya faru. In na je Charlotte aka sake kwantar da shi a gabana, wa zan ce ya jawo? Sannan in na je harshena ya ƙi, na tsaya a gabansa kamar turmi a cikin matan da ke rungume 'ya'yansu, ai gara ban je ba. Na gwada furta sunan ni kaɗai a ɗaki, sai in ji kamar uwata tana tsaye a bayana. In kuma na zauna a gida, na san na rasa shi, ba da faɗa ba, zai ci gaba da gaishe ni da ladabi daga nesa har in mutu. Abinci ba ya shiga, rigar tana cikin akwati na kasa ko buɗe ledarta. Ina son yaron nan fiye da yadda zan iya rubutawa. Ki gaya mini yadda zan yi.

Maman Jidda
Glenwood, Greensboro

*

Maman Jidda,

Na karanta wasiƙarki, kuma amsata a taƙaice ita ce ki je. Amma bari in kwance miki ƙullin ɗaya bayan ɗaya.

Ba ki yi laifi ba da kika bi tarbiyyar da aka yi miki. Ni ma 'yar fari ce, uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, kuma ban taɓa shakkar tana sona ba. Dalili shi ne ina da kaka da gwaggonni a gida ɗaya, su ke yi mini abin da take jin nauyin yi, su ke raɗa mini cewa tsokar da na gani a kwanona ita ta ɓoye mini. Al'adar aikin gayya ce, uwa ta kawar da kai, dangi su rungume. Ke kin hau jirgi da kunyar, kin bar Goggo a Malumfashi. Yaro ɗan shekara bakwai ya sauka a ƙasar da kowace uwa ke ihun sunan ɗanta, tasa ta yi shiru, ba kuma mai fassara masa shirun. Don haka shi ma bai yi rashin kunya ba da ya tambaya. Kuma ki sani wannan kara ce ta al'ada, addini bai hana uwa kiran sunan ɗanta ba.

Zancen ido kuwa, ki ajiye shi. Wanda ya buge shi aikinsa ke nan, a kan haka ake biyansa. Yatsun nan biyu da suka karkace, ina kike lokacin da suka karye? Kina kicin kina wanke tukwane masu tsabta. Rashin kallonki bai tsare shi ba, kallonki ma ba shi ya kayar da shi ba. Abin da za ki iya yi wa kansa shi ne addu'a, da kuma matsa wa Malam ya sa shi ya ga likitan da ba na kulob ba kafin wasan.

Kada ki jira Charlotte, filin wasa ba wurin koyon magana ba ne. Ki ci gaba da gwadawa ke kaɗai, kina aiki, ruwa na zuba, har bakin ya saba. Sannan ki buga masa tarho a tsakiyar mako, ke da kanki, ba ta hannun Jidda ba. Ko sunan bai fito ranar ba, ki gaya masa abin da kika gaya mini. Ki gaya masa kin san dakon kujeru, kin san sanyin Kanada, kin san inda kika zauna ranar da ya faɗi. Malam ya yi masa bayanin al'ada, amma ba wanda ya taɓa ba shi labarin uwarsa.

Ranar wasa ki tafi da Jidda da Roseline. Ihu ki bar wa Roseline, ta ƙware. Rigar ki sa ta a ƙarƙashin mayafinki, ba dole sai duniya ta gani ba. In aka wurgo masa ƙwallo kika ji ba za ki iya ba, ki rufe ido ki yi salati. In an tashi, akwai ƙofar da iyalai ke jiran 'yan wasa, can aikinki yake, kuma murya ƙasa-ƙasa ta isa.

Ba zan yi miki alkawarin Summerfield ba. Yana da mata, ita ma tana da iyaye, wataƙila su tafi California ko kin je ko ba ki je ba. Kada ki mayar da sunan kuɗin sayen gida. Ɗan da ya tafi ya san matsayinsa a wurin uwarsa yana dawowa da 'ya'yansa hutu, nisan ba komai ba ne.

Abu ɗaya na lura da shi. Kin ce kin sauya sunayen mutanen gidanki, kin samo wa 'yarki na aro, amma shi ko na aron kin kasa ba shi. Ban faɗa don in kunyata ki ba, na faɗa ne don ki ga nauyin abin da yake ji tun yana yaro. Ranar nan lasifika za ta faɗi sunansa a karkace, dubban mutanen da ba su san shi ba su maimaita. A duk filin ke ce kika ji sunan nan tun ranar da aka raɗa masa shi yana kan cinyarki, ke kika fi kowa sanin yadda ake faɗarsa daidai. Ki bari ya ji ko sau ɗaya ne.

Allah ya fito da shi daga filin da ƙafafunsa, ya sauki matarsa lafiya, ke kuma ya sassauta miki harshe.

Anti Salima