Littafin Baba a Teburin Mai Tsire

Batsari, Litinin.

Zuwa ga Yayana Armaya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Rahma da yara da mutanen Safana. Inna tana gaishe ku, idon nata dai sai a hankali.

Na gama buga littafin marigayi Baba, shafi arba'in cif: asalinmu, iyakokin gonakinmu na Runka, da ranar haihuwar kowannenmu. Kullum Inna sai ta tambaye ni yaushe zan karanta mata, tunda rubutun hannun Baba ni kaɗai nake iya bi. Matsala ɗaya ce. Da na mayar da aikin daga ƙaramar kwamfuta zuwa babbar kwamfutar shagonmu, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai alamar tambaya ta fito. Gobe zan sa ta canja su gaba ɗaya. Kai da kake cewa ban iya komai ba sai surutu, ka shirya jin kunya.

Ƙanwarka,
Sadiqa.

Batsari, Alhamis.

Yaya,

Sallama da fatan kun tashi lafiya. Ni kam ban tashi lafiya ba.

Na ce wa kwamfutar ta sa ƙ duk inda ta ga alamar tambaya, sauran in gyara da hannu. Ashe an bar wani zaɓi a kunne, wanda yake ɗaukar alamar nan a matsayin kowane harafi. Na danna, na adana, na rufe ban duba ba, saboda ana jirana da wani aikin. Da na buɗe, shafi arba'in ba komai sai ƙ, jere kamar shuka. Na farkon ma na riga na goge shi daga ƙaramar kwamfutar. Gaggawata ce, ba laifin kowa ba.

Na ce da sauƙi, ai littafin yana nan. Yaya, ba ya nan. Al'adar shagonmu, takardar da aka gama bugawa kwali ake jefa ta, ran Laraba Jinjiri mai tsire ya kwashe, yana naɗe wa masu saye nama da ita. Littafin ba shi da bango, ni kuma na bar shi a kan kwalin.

Na je wurin Jinjiri da gudu. Bawan Allah ya zazzage teburinsa, har ya bi masu sayen da ya sani gida-gida. Shafi uku muka samu. Iyakokin gonaki sun tafi, kuma ka san babu mai zuwa Runka yanzu saboda rashin tsaro, balle a sake tambayar dattawa.

Inna ta sake tambaya yau, na ce ana kan gyara. Wallahi ƙaryar ta fi ɓatan yi mini ciwo. Ka zo Juma'a mu faɗa mata tare, ka rubuto duk abin da ka tuna.

Ɗaya daga cikin ukun shafin haihuwarmu ne. Sunanka ya fito sarai. Layin da Baba ya rubuta nawa, man tsire ya cinye shi.

Taka cikin baƙin ciki,
Sadiqa.